Man Shanu a Motar Marigayi Elmer

Tun da nake da mijin yayata, Norbert Hanke, ban taɓa jin an ambaci wani aiki a gabansa ya ce bai iya ba. In ka ce haƙori ke damunka, ya taɓa cire wa wani soja haƙori da filaya. In ka ce rijiyarka ta ƙafe, ai kakansa ne ya koya wa mutanen jiharmu ta Wisconsin haƙar rijiya. Shekara talatin da ɗaya yana auren Yaya Arlene, shekara talatin da ɗaya tana bin bayansa da tsintsiya da tsumma. Gidana na kallon nasu, titi ne kawai a tsakani, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gani, ban da wanda hancina ya riga idona sani.

Ranar Litinin ta makon Bikin Man Shanu muna zaune a shagon Dolores, inda majalisarmu take kowace safiya. Da ni, da Norbert, da Duane mai sayar da abincin dabbobi, wanda kuma shi ne magajin garinmu na Kessel saboda ba wanda ya yarda ya karɓi wahalar. Sai ga Gwaggo Lorraine ta shigo tana dogara sanda. Ita ce Sarauniyar Man Shanu ta farko a garin nan, kusan shekara sittin da suka wuce, kuma saurayin da ya tuƙa ta a faretin ranar, Elmer, shi ta aura. Motar da ya ɗauke ta a ciki, wata doguwar fara mai buɗaɗɗen sama, ita ke jan gaban fareti duk shekara har Allah ya yi masa rasuwa bara waccan. Tun daga lokacin take rufe a rumfa.

Gwaggo ta zauna, ta ce, "Kwamiti sun ce bana ni za a sake ɗorawa a motar, da rigata ta wancan lokacin. Har yanzu tana shiga ta, in na riƙe numfashi. Bayan biki zan koma wurin 'yata a Arizona, motar kuwa ba za ta bi ni ba. Wanda ya gyara mini cikinta ya tuƙa ni ranar Asabar, in na ga hannunsa irin na Elmer ne, na bar masa makullin."

Cokalin Norbert ya faɗi a faranti. Shekara ashirin ke nan yana haɗiyar yawu a kan motar nan.

"Gwaggo, ai kin zo gida," ya ce. "Ni da fata? Sa'ad da nake soja, janar guda ya tsayar da fareti don ya tambayi wa ya goge mini takalmi."

Dolores ta ƙara masa gahawa, ta ce, "Ba kai ne ka wanke wa Fada, limamin cocinmu, motarsa ba, har yau rediyonta bai sake magana ba?"

"Rediyon da ma da ciwonsa ya zo."

"Gilashin da ya daina sauka fa?"

"Dolores, ki tsaya a kan ƙwai da dankali. Harkar mota ta maza ce."

"To, mazan nake jira su shigo."

Gwaggo ta dubi Duane, Duane ya ce shirin biki ya sha masa kai. Ta dube ni, na dafa bayana, don kowa ya san ciwon da jakar wasiƙu ta bar mini. Sauran maza duk suna gona, lokacin yankan ciyawa ne. Ta yi ajiyar zuciya, ta miƙa wa Norbert makullin aro, ta ce, "To. Allah ya sa dai Arlene na gida."

Da la'asar aka kawo motar garejin Norbert. Gaskiya ba wani abin a zo a gani ke damunta ba. Ƙura ce, da ɗan warin rufi, fatar kujerun mai launin madara ta ɗan bushe, sai wani tabon gahawa da bai wuce girman ƙumba ba a jikin yadin ƙofar direba. Da Yaya aka ba aikin, kafin azahar ta gama, don ita tata motar mai kujerun yadi shekararta goma sha huɗu, kuma ko alewa ba ta yarda a tsotsa a ciki. A ƙarƙashin kujera muka sami akwatin marigayi: tsummoki masu laushi, ɗan burushi, sabulu mara ƙarfi, 'yar kwalbar man fata, da wani kati da rubutun hannunsa. Na karanta wa Norbert da ƙarfi: "A inuwa. Kaɗan-kaɗan. Fara gwadawa a inda ido ba ya gani."

Norbert ya yi dariya har da riƙe ciki. "Allah ya ji ƙan Baba Elmer, mutumin kirki ne, amma aikinsa na tsoro ne. Shekara hamsin yana lallashin mota. Ni kwana ɗaya ya ishe ni, ƙanena. Ka samo kujera ka koyi aiki."

Na samo kujerar kuwa. Na kafa ta a bakin ƙofata, inda ba abin da zai wuce ni.

Talata da hantsi ya turo motar tsakar rana, ya jawo injin feshin ruwa da ya aro daga wurin Duane, irin wanda ake wanke garken shanu da shi. Yaya ta leƙo ta tagar kicin.

"Norbert, me za ka yi da wannan?"

"Tabo zan cire."

"Tabon da bai kai ƙumba ba? Jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ka riƙa dannawa, ba gogewa ba, dannawa."

"Na sama kike gani, Arlene. Tabo saiwa gare shi. In ba ka tumɓuke shi ba, gobe ya tsiro."

Ya danna kunamar injin. Ruwan ya daki ƙofar, ya ɗaye gefen yadin, ya yi tsalle ya wanke allon gaban direba, ya sauko ya cika ƙasan motar har idon sawu. Sai ham ɗin motar ya kama kuka shi kaɗai. Ba ɗan kuka ba, kuka na wanda aka zalunta. Matan layinmu suka fito da hannaye duk garin fulawa, don kowacce na fama da kek ɗin biki. Norbert ya yi ta dukan sitiyari yana ɗaga musu hannu.

"Gwada shi nake! Dole a gwada kafin Asabar!"

Sai da aka yi kusan minti ashirin kafin na tsallako na cire masa wayar batir. Da muka duba tabon, ya tashi daga ƙumba ya koma faranti. Norbert ya ce madalla, saiwar ce ta fito fili. Ya shiga gida ya ɗauko bilic na wanki, ya tsiyaya. Tabon ya tafi kam, ya kuma tafi da launin yadin. Don kada farin wurin ya yi ƙauyanci shi kaɗai, ya bi ƙofar gaba ɗaya da bilic. Don kada ƙofar ta bambanta da 'yar'uwarta, ya zagaya ya yi wa ɗayar. Ɗaya ta fito fara, ɗaya ta fito ruwan ɗorawa, ko don me, Allah kaɗai ya sani.

"Ba wanda zai ga ƙofa biyu a lokaci guda," in ji shi. "Masu kallo gefe ɗaya suke tsayawa."

Laraba motar ta wayi gari tana warin jiƙaƙƙen kare, sosan kujerun ya sha ruwa ya ƙoshi. Yaya ta ce a ciro kafet a shanya, a buɗe ƙofofi a inuwa, a kunna fanka. Norbert ya ce fanka ta malalata ce. Ya ja rufin motar, ya ɗaga gilasai, ya ajiye ta inda rana ta fi ƙwallewa, sannan ya ɗauko rishon da yake ɗumama bukkarsa ta kamun kifi a kan ƙanƙara, ya kunna, ya girke shi a tsakiyar motar. A watan Yuli.

Na ce, "Mijin Yaya, katin fa a inuwa ya ce."

"Katin kafin zuwan kimiyya aka rubuta shi."

"Kimiyyar ce ta ce a dafa mota?"

"Wendell, shekara talatin kana raba wasiƙun mutane ba ka taɓa rubuta taka ba. Zauna ka yi kallo."

Motar dai ba ta kama da wuta ba, abin da har yau nake ɗauka addu'ar marigayi ce. Da yamma aka buɗe, tururi ya buso. Fatar ta ƙanƙance, ta ja ɗinkinta, ta yi tauri kamar busasshen naman barewa. In ka ƙwanƙwasa sai ta amsa. Norbert ya ɗauko 'yar kwalbar marigayi, wadda Elmer kan yi shekara guda yana lallaɓawa, ya juye ta duka a rabin kujera ɗaya. Fatar ta shanye, ta zauna yadda take. Mijin yayata ya mayar da murfin kwalbar, ya shige gida.

Abin bai zame masa darasi ba. Alhamis da safe, Yaya na fita taron matan coci, sai ga shi ya fito daga ɗakin ajiya rungume da man shanun da ta tara a firji don kek ɗin da matan cocin za su sayar a rumfarsu ranar biki, ƙulli goma sha biyu.

"Norbert, kada ka yi."

"Ka ji ni da kyau, ƙanena. Fatar nan daga ina ta fito? Daga saniya. Man nan daga ina ya fito? Daga saniya. To ni me na yi banda haɗa 'yan'uwan da aka raba? Kakana da shi yake shafa wa linzamin dawakinsa."

"Ba kakan ne mai haƙar rijiya ba?"

"Shi ne. Mutum ne mai hannu da yawa."

Ya naɗe hannun riga, ya kama aiki. Ya shafe kujerun gaba, ya shafe ta baya, ya cusa a cikin ɗinki da ɗan yatsa, ya bi sitiyari, har da 'yar fatar da ke jikin giya. Abin haushi kuma, a ranar abin ya yi kyau. Fatar ta saki, ta yi duhu kaɗan, ta kama sheƙi har kana ganin fuskarka. Duane ya zo karɓar injinsa, ya tsaya riƙe da ƙugu, ya ce wallahi ya janye rabin maganganunsa. Da la'asar aka biyo da Gwaggo Lorraine ta layinmu. Idonta ya yi rauni, hancinta kuma ya ajiye aiki tun wata mura da ta yi, don haka daga bakin titi sheƙin kawai ta hango. Ta dafa ƙirji, ta ce, "Kamar ranar farko." Na ga hawaye a idonta, na ji kunya ta kama ni kamar ni na yi ɓarnar.

Da aka tafi da tsohuwar, Yaya ta juyo kan Norbert.

"Ina man kek ɗina?"

"Arlene, kek ana ci a manta. Wannan tarihi ne."

"Tarihin nan, jibi da rana wane wari zai yi?"

"Ƙamshin gida. Ai bikin man shanu ake yi, ba na turare ba."

Ta shiga gidajen maƙwabta tana roƙon man shanu ƙulli-ƙulli, ita da ba ta taɓa aron ko gishiri ba.

Da daddare Norbert ya bar ƙofar garejin a ɗan buɗe wai don fatar ta sha iska. Juma'a da sassafe ya ɗaga ƙofar, ya tarar da baƙi: kyanwowin layinmu guda shida suna ta lasa, da bodari guda, dabbar nan mai fesa ɗoyi, a kujerar baya, daidai wurin zaman magajin gari. Kyanwowin suka san mutuncin kansu, suka fice. Bodarin ya ɗago ya dube shi, ya ci gaba da kalacinsa. Duk ɗan da aka haifa a jihar nan ya san abin yi: ka buɗe ƙofa, ka ja da baya a hankali, ka je ka sha gahawarka, zai tafi don kansa. Na tsaya a tsallaken titi ina yi masa alama da hannu biyu. Norbert ya ɗauki tsintsiya.

Ba sai na faɗi sauran ba. Karnukan da ke layi na uku ma sun samu labari.

Ya fito yana tari, ido ya yi jawur, yana ihu, "Tumatir! Arlene, tumatir!" Don mu nan haka muka taso muka tarar, duk wanda bodari ya fesa wa, da ruwan tumatir ake yi masa wanka. Ba ya korar komai, hancinka ne kawai ke gajiya ya sallama, amma ka faɗa wa ɗan Kessel haka ka ga rigima. Norbert ya kwaso kwalaben tumatir da Yaya ta dafa ta rufe don hunturu, ya zauna a bahon wanki a tsakar gida daga shi sai gajeren wando, ya yi ta kwarara wa kansa. Matan layi suka jeru a bakin shinge, kowacce ta toshe hanci da gefen riga, amma ba wadda ta tafi. Abin da ya rage a kwalaben ya ɗauka ya juye a kafet ɗin motar.

Yaya ta ce, "Norbert, don girman Allah ka tsaya haka. Mu je mu gaya wa Gwaggo gaskiya, a samo mata wata motar. Wannan sai an ciro komai, a bi shi da ruwan tsami da soda, makonni."

"In mayar da makulli ana gobe zai zama nawa? Ja numfashi ki ji. Warin ya tafi!"

Na amsa daga ƙofata, da hankici a hanci, "Ya tafi gidana!"

Da rana ya yaye fararen zannuwan gadon baƙi ya lulluɓe kujerun, ya ce ado ne irin na manya. Ya je kanti ya kwashe duk 'yan takardun ƙamshin nan masu siffar itace, ya rataya su a madubi da hannayen ƙofa da duk inda ƙugiya za ta kama, sun fi talatin. Daga nan ya tafi aski. Yana ɓacewa sai na ga Yaya ta fito da wani ƙunshi a hammata, ta ɗaure fuska da ɗankwali, ta shiga garejin. Ta jima kafin ta fito.

"Yaya, me kika kai?"

"Ka ji da ciwon bayanka."

Asabar ta zo da zafin da tun ƙarfe tara kwalta ta fara laushi. Aka jera fareti a gaban makaranta: motar a gaba, 'yan badujala a bayanta, sai 'ya'yan manoma da maruƙansu na gasa, an wanke su an ɗaura musu kintinkiri, sai motar kashe gobara. Ni aka ba aikin tafiya a gefen motar ina jefa wa yara alewa. Norbert ya sha hular direba, kunnuwansa har yanzu da sauran jan tumatir. Gwaggo Lorraine ta fito cikin farar rigarta ta shekara sittin, da kambinta, jama'a suka yi ta tafi, aka zaunar da ita a baya ta dama. Duane ya zauna ta hagu cikin farin kwat da wando, wanda sau ɗaya yake sawa a shekara.

Duane ya shaƙi iska, ya ce, "Norbert, wani abu ya mutu a nan ne?"

"Ƙamshin tsohuwar mota ne, ranka ya daɗe. Masu kuɗi sayensa suke yi."

"Me ya sa kujerar take da ɗumi haka, kuma tana motsi?"

"Fata ce mai rai."

Aka tashi. A birkin farko Duane ya sulale gaba har gwiwarsa ta daki bayan kujera. A kwanar gidan mai ya sulale ya manne da ƙofa. Kwana ta gaba ta dawo da shi. Bai daina ɗaga wa jama'a hannu ba, ko da yake rabin ɗagawar neman abin kamawa yake. Gwaggo kuwa tana zaune daram, ko gezau, tana murmushi tana gaisawa.

Rana ta narkar da man, iska kuma daga gaba take busowa. Duk abin da motar ta tara tun Talata, jiƙaƙƙen soso da kananzir da man da ya juya da bodari da tumatir da itatuwan ƙamshi talatin, ya tafi kai tsaye cikin 'yan badujala, mutanen da aikinsu ke nan jan numfashi mai zurfi. Mai babban ƙaho ya fara sarewa. Masu sarewa suka bi. Kafin mu kai gidan waya, taken garinmu ya koma ganga ɗaya, shi ma mai gangar kansa na gefe. Karnuka suka fara fitowa daga cikin 'yan kallo, ɗaya, uku, bakwai, suka jeru a bayan motar kamar da ma an sa su a tsari.

Dolores ta ƙwala daga gaban shagonta, "Norbert! Janar ɗin bai zo ganin wannan gogewar ba?"

Ya ɗaga mata hula.

A gaban dandalin alƙalan gasa, inda duk garin ya taru, aka tsaya don Duane ya yi jawabi. Nan maruƙan suka samu iskar sosai. Suka fizge igiyoyinsu, suka ratsa ta tsakiyar 'yan badujala, suka zura kawuna cikin motar ta ko'ina. Ɗaya ya kama lasar sitiyari. Ɗaya ya kama lasar wuyan Norbert. Wata jar maraƙa ta cafki bakin zanen gaba ta ja, ya biyo ta salin alin, kujerun suka fito fili: dabbare-dabbare, baƙi-baƙi, mai na kwance a cikin ɗinki, ga sawun faratan kyanwa. Norbert ya juya zai kore ta da hula, sai ya sulale ƙarƙashin sitiyari gaba ɗaya, ƙafarsa ta bar birki. Motar ta gangara a hankali, da natsuwarta, ta je ta tura hanci cikin dammunan ciyawar da aka jera a gaban dandali. Ham ɗin ya tuna da Talata, ya sa kuka.

Duane ya miƙe don ya kwantar wa jama'a da hankali, ya juya musu baya zai sauka. Bayan farin wandon ya koma ruwan ɗorawa tun daga ƙugu har gwiwa, ya manne, har ana gane launin abin da ke ciki. Ƙafafun wandon da fararen takalman kuwa sun yi jawur da tumatir. Garin Kessel ya kwashe da dariyar da ban taɓa jin irinta ba. Fada ma sai da ya zauna a bakin kwalbati.

Na cire wayar batir, karo na biyu a mako guda. Idanu suka koma kan Gwaggo Lorraine, don ta yunƙura za ta miƙe, kuma kowa rigar yake tunani. Dolores ta kama hannunta ta sauko da ita, ta zagaya bayanta, ta duba sama, ta duba ƙasa.

"Fes take! Ko ɗigo babu!"

Gwaggo ta juya ta ɗaga zanen da ta zauna a kai. A ƙarƙashinsa akwai bargo a ninke, a ƙarƙashin bargon ledar teburin cin abinci mai zanen 'ya'yan itace, a ƙarƙashin ledar kuma tabarmar robar banɗaki, wadda ta hana komai zamewa. Sai ta matsa kusa, ta dubi motar yadda idonta zai iya gani. Ta dubi ƙofar nan fara da waccan ruwan ɗorawa. Ta ɗora tafinta a kujerar da Elmer ya zauna shekara hamsin da bakwai, ta ɗago shi yana naso. Na ji tausayin tsohuwar nan har raina.

Norbert ya rarrafo daga ƙarƙashin sitiyari, ya gyara hula. "Gwaggo, kada ki damu da yadda take a yanzu. Fatar na kan shan magani ne. Nan da kwana uku..."

"A ba ni abin maganar nan," ta ce. Aka miƙo mata, muryarta ta fita ta lasifika har bakin kogi. "Norbert, ɗana, Elmer ya yi shekara hamsin da bakwai bai iya tsufar da motar nan ba. Kai ka yi a kwana huɗu. Hannunka da sauri, wannan ba mai ƙwace maka." Ta ɗaga ledar. "Wannan na san ta, na ci abinci a kanta. Arlene, fito."

Yaya ta fito daga rumfar kek tana goge hannu, kanta a ƙasa.

"Za ta gyaru?"

Yaya ta dubi motar sama da ƙasa. Ta ce, "Za ta gyaru, Gwaggo. Kaɗan-kaɗan. A inuwa."

Gwaggo ta zare makullin da kanta, ta danƙa mata a hannu, ta rufe da nata hannun. "Taki ce. Sharaɗina ɗaya, ga duk gari shaida. Mijinki in zai shiga, a baya zai zauna, a kan jarida, hannuwansa a kan gwiwa."

Wata uku Yaya ta yi tana aikin. Ta barbaɗa garin masara ya tsotse mai ta share, ta sake barbaɗawa, ta bi da sabulun marigayi da tsumma mai laushi, tafin hannu guda a rana. Kafet da yadin ƙofofin sai da aka sake. Motar Norbert ta koma kwana a waje, garejin kuma ya samu sabon kwaɗo, makullinsa na rataye a wuyan Yaya. Shi kuwa a shagon Dolores cewa yake, "Ban faɗa muku motar nan a gidana za ta ƙare ba? Ku je ku duba."

Ranar da aka fara fita da ita, a watan Oktoba, ganye ya yi ja, Yaya ta ce in zo a ɗauki hoto a aika wa Gwaggo. Ni a gaba, Norbert a baya a kan jaridar Lahadi. Mun wuce gidan mai ke nan sai na hango shi ta madubi ya ƙura wa wani ɗan ɗigo ido a jikin ƙofa. Ya saci kallon ƙeyar matarsa. Ya lashi babban yatsansa, ya fara miƙa shi a hankali.

Yaya ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Norbert. Hannu."

Ya mayar da shi kan gwiwa.